Yadda ake aiki da Explorateur a kwamfutar tebur da yadda ake daidaita shi

Duk wanda ke zuwa shagunan buga takardu na Maradi, ko yake aiki a ofis ko makarantar da mutane da yawa ke amfani da kwamfuta ɗaya, ya san irin lokacin da ke tafiya wajen neman takardar da aka rubuta makon jiya. Kowa ya tabbata an adana ta, amma babu wanda ya san inda ta shiga, kuma sau da yawa ƙarshen maganar shi ne a sake bugawa daga farko. Yawancin wannan wahala tana fitowa ne daga manhaja guda, wadda ake buɗewa kullum amma kaɗan ne suka taɓa zama suka daidaita ta, wato manhajar da ke nuna fayiloli da dosiyoyin da ke cikin kwamfuta. A Windows na Faransanci sunanta Explorateur de fichiers, a na Ingilishi kuma File Explorer, sunan da ta samu a Windows 8 cikin shekarar 2012 bayan ta daɗe ana kiranta Windows Explorer tun daga Windows 95. Yadda take zuwa daga kamfani, tana ɓoye wa mai aiki abubuwa da dama da ya kamata ya gani, saboda haka aikin farko shi ne a sa ta riƙa nuna ainihin abin da ke cikin na'ura, sa'annan a tsara inda kowane abu zai zauna.

Bayanin da ke tafe ya shafi Windows 10 da Windows 11, kuma an kawo sunayen zaɓuɓɓuka da Faransanci domin su aka fi gani a ofisoshinmu. Wanda kwamfutarsa ke da Ingilishi zai sami kowane zaɓi a wuri ɗaya da wanda aka ambata, harshen ne kawai ya bambanta.

Buɗe taga da sanin sassanta

Hanya mafi sauri ta buɗe Explorateur ita ce a riƙe madannin da ke ɗauke da tambarin Windows a taɓa harafin E. Taga za ta buɗe da sassa huɗu da ya kamata a sani: a hagu akwai jerin wurare, a tsakiya akwai abin da ke cikin wurin da aka zaɓa, a sama akwai layin adireshi, a gefensa na dama kuma akwatin bincike. A jerin hagu akwai Ce PC, kuma a nan ne ake ganin diskokin na'ura, kowane da harafinsa. C shi ne inda Windows ke zaune, D sau da yawa kashi ne na biyu na diski, kile kuma, wato ƴar ma'ajiyar fayiloli ta USB, idan aka soka ta takan ɗauki harafin da ke biye, kamar E ko F.

Layin adireshi ya cancanci a kula da shi fiye da yadda ake yi. Idan aka danna fili marar rubutu a cikinsa, zai nuna cikakkiyar hanyar da ta kai ga dosiyen da ake ciki, kuma wanda ya saba duba wannan layi kafin ya adana takarda da wuya ya ɓatar da ita. Don komawa dosiyen da ke sama da wanda ake ciki, a riƙe Alt a taɓa kibiyar sama.

Akwai wata matsala da ta shafi garinmu musamman, domin kwamfutocin da ke kasuwarmu iri biyu ne. Wasu sun shigo ta Kwatano ko daga Faransa da madannai irin na Faransanci, waɗanda layinsu na farko ke farawa da AZERTY, wasu kuma sun shigo daga Kano ko Katsina ta Jibiya da Ɗan Isa da madannai irin na Ingilishi, masu farawa da QWERTY. Idan aka ɗora tsarin Faransanci a kan madannan Ingilishi, harafin Z da W suna musanya wuri, haka ma A da Q. Illar wannan a Explorateur babba ce, domin Ctrl da Z na warware kuskuren da aka yi yanzu, alhali Ctrl da W na rufe taga gaba ɗaya. Kafin a dogara da waɗannan gajerun hanyoyi, a duba ƙasan allo ta dama kusa da agogo, a ga ko FRA aka rubuta ko ENG, a tabbata ya dace da abin da ke rubuce a jikin madannai. Riƙe madannin Windows tare da taɓa dogon madannin tazara yana sauya tsarin. A madannan Faransanci kuma, Maj shi ne Shift, Suppr shi ne Delete.

Gyare-gyaren da ya kamata a yi tun ranar farko

Kowane fayil yana da wutsiya a ƙarshen sunansa, ƴan haruffa bayan ɗigo, kuma ita ce ke gaya wa kwamfuta da wace manhaja za a buɗe shi: docx na Word ne, xlsx na Excel, pdf takarda ce da aka kammala, jpg hoto, mp4 bidiyo, exe kuma manhaja ce mai gudana da kanta. Windows yana ɓoye wannan wutsiya tun daga farko, kuma a ganina wannan shi ne zaɓi mafi cutarwa a cikin duk abin da manhajar ke zuwa da shi. Dalili kuwa shi ne, masu yaɗa ƙwayar cutar kwamfuta sukan sa wa fayil suna kamar Rasit.pdf.exe, su ba shi tambarin takarda, kuma muddin wutsiyar ƙarshe na ɓoye, abin da mutum zai gani shi ne Rasit.pdf kawai, ya buɗe da zuciya ɗaya. A Windows 10 ana gyara wannan ta shiga Affichage a saman taga a sa alama a Extensions de noms de fichiers. A Windows 11 ana danna Afficher, a sauka ƙasan jerin zuwa wani Afficher ɗin, a sa alamar a can. Daga nan sai a kiyaye abu ɗaya: idan za a sauya sunan fayil, kada a taɓa wutsiyar, domin goge docx a rubuta pdf ba ya mayar da takarda pdf, hana ta buɗewa kawai yake yi har sai an mayar da wutsiyar yadda take.

A wurin nan dai akwai Éléments masqués, wanda ke fito da fayilolin da aka ɓoye. A sa masa alama shi ma. Za a ga wasu dosiyoyi masu dusasshen launi sun bayyana, irin su AppData, kuma waɗannan na manhajoji ne, a bar su yadda suke.

Gyara na gaba shi ne yadda ake jera abubuwa a tsakiyar taga. Manyan tambura suna da amfani a dosiyen hotuna, inda ake son ganin fuska kafin a buɗe, amma ga takardun aiki babu kamar tsarin Détails, wanda ke jera kowane fayil a layinsa tare da suna, ranar da aka taɓa shi a ƙarshe, irinsa da girmansa. Danna kan kowane ginshiƙi yana jera fayiloli bisa shi, don haka danna Modifié le sau ɗaya ko biyu zai kawo aikin da aka yi jiya zuwa saman jeri, ko da an manta sunan da aka ba shi. Idan aka danna ɓangaren dama na linzami a kan layin ginshiƙan, ana iya ƙara wasu, kamar ranar da aka ƙirƙiri fayil ko tsawon bidiyo. Bayan an daidaita dosiye ɗaya yadda ake so, a shiga Options, a zaɓi shafin Affichage, a danna Appliquer aux dossiers, sai sauran dosiyoyi masu irin abin da ke cikinsa su bi wannan tsari. Windows yana bambanta dosiyen takardu da na hotuna da na sauti, saboda haka kowane iri sai an yi masa nasa.

Dosiyen Téléchargements yana zuwa a rarrabe bisa kwanaki, na yau daban, na makon jiya daban. Wanda wannan ke ruɗawa ya danna dama a fili, ya zaɓi Regrouper par, ya cire rarrabawar. Alt da P kuma na buɗe gefe na dama inda ake hango abin da ke cikin takarda ko hoto ba tare da an buɗe shi ba, abin da ke rage jira sosai a tsohuwar na'ura mai nauyin tashi.

Kile da cutar da ke ɓoye dosiyoyi

Wannan ɓangare ya fi shafar ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo da ƴan makarantun sakandare da duk mai kai kile shagon buga takarda, domin kile ɗaya takan shiga kwamfutoci da yawa a rana guda. Cutar da aka fi gamuwa da ita tana yin abu biyu: tana ɓoye dosiyoyin gaskiya da ke kan kile, sa'annan ta ajiye gajerun hanyoyi, wato ƙananan fayilolin da aikinsu kawai su buɗe wani abu daban idan an danna su, masu suna iri ɗaya da dosiyoyin a madadinsu. Mai kile zai ga dosiyensa kamar yana nan, ya danna, cutar ta shiga kwamfutar da yake kai. Wani lokaci kuma kile takan nuna babu komai a cikinta alhali ma'aunin wurin ajiya na nuna a cike take, kuma mutane da yawa a nan suke yanke ƙauna su wanke kile, su hallaka aikin da bai ɓace ba.

Ana gane gajerar hanya ta ƴar kibiyar da ke ƙasan tambarinta, amma shaida mafi ƙarfi tana ginshiƙin Type a tsarin Détails, inda za a ga an rubuta Raccourci maimakon Dossier de fichiers, girman kuma bai wuce ƴan kilobait ba. Wannan ginshiƙi yana da muhimmanci domin Windows ba ya nuna wutsiyar gajerun hanyoyi ko da an umarce shi ya nuna ta sauran fayiloli. Idan aka ga haka, kada a danna ko ɗaya. A fara sa Sécurité Windows ya binciki kile, ta danna dama a kan harafinta a zaɓi binciken Microsoft Defender. Bayan haka a shiga Options, shafin Affichage, a cire alamar da ke kan Masquer les fichiers protégés du système d'exploitation, domin cutar takan yi wa dosiyoyi lamba irin ta fayilolin tsarin na'ura, kuma nuna ɓoyayyun abubuwa kaɗai ba ya fito da su. Dosiyoyin gaskiya za su bayyana, wani lokaci a cikin wani dosiye marar suna.

Don a cire musu lambar ɓoyewa gaba ɗaya, a danna layin adireshi, a rubuta cmd, a taɓa Entrée. A baƙar tagar da za ta buɗe a rubuta wannan, ana sa harafin kile na gaskiya a madadin E:

attrib -h -s -r /s /d E:\*.*

A duba harafin da kyau kafin a taɓa Entrée, kada a yi wannan a kan C. Idan an gama, a kwafe fayilolin da aka sani zuwa kwamfuta, a goge gajerun hanyoyin da duk baƙon fayil mai wutsiyar vbs ko exe, sa'annan a koma Options a mayar da alamar ɓoye fayilolin tsarin na'ura, domin barin su a fili yana iya sa wani ya goge abin da Windows ke buƙata.

Tsara dosiyoyi da sa suna

Mai shagon da ya san aikinsa ba ya zuba shinkafa da sabulu da batir a buhu ɗaya, kuma ko yaron shago aka aika cikin duhu ya san kantar da zai miƙa hannu. Haka ake son dosiyoyi su kasance. Abin da ake yawan gani shi ne Bureau, wato fuskar farko ta kwamfuta, cike da fayiloli har sun rufe hoton baya, sauran kuma suna tare a Téléchargements. Bureau wurin aikin yau ne kawai, abin da aka gama ya koma mazauninsa kafin a kashe na'ura.

Ctrl da Maj da N na ƙirƙirar sabon dosiye nan take. Manyan dosiyoyi kada su yi yawa, kuma a raba su bisa yadda aikin yake gudana a zahiri. Ɗan kasuwa mai sayen wake da aya da riɗi daga kasuwannin Tasawa da Mayahi da Gazawa zai iya yin babban dosiye na ciniki, a cikinsa kowace shekara da nata, a cikin shekara kuma saye, sayarwa, bashi da takardun duwan. Malamin makaranta zai raba bisa shekarar karatu, sa'annan aji, sa'annan darussa da jarrabawa da sakamako. Mai shagon buga takardu kuwa ya fi dacewa ya raba bisa wata, kowane abokin ciniki da nasa dosiye, domin wanda ya dawo neman takardarsa yakan tuna lokacin da ya zo ko da ya manta komai. Hawa uku ko huɗu sun isa. Zurfin da ya wuce haka yana gajiyar da mai nema, kuma Windows yana da iyakar haruffa 260 ga cikakkiyar hanyar fayil a yawancin ayyukan Explorateur, don haka dogayen sunaye cikin dogayen sunaye sukan kai ga fayil ya ƙi kwafuwa.

Game da suna, dokar da ta fi kowace amfani ita ce a fara da kwanan wata a juye: shekara, wata, rana. Suna kamar 2025-03-14 Rasit wake Tasawa zai zauna a daidai wurinsa idan aka jera bisa suna, na Janairu a sama, na Disamba a ƙasa. Idan kuwa aka yi dosiyoyi da sunayen watanni kawai, kwamfuta za ta jera su bisa haruffa, Afrilu da Agusta su zo farko, Disamba ta riga Janairu, shi ya sa ake rubuta 01 Janairu, 02 Fabrairu, har zuwa 12. Ana raba lambobin da ƴar gajerar sanda domin Windows ba ya karɓar waɗannan alamomi tara a cikin suna: \ / : * ? " < > |. Ɗalibin da ke rubuta kundin kammala karatu ya guji sunaye irin su na ƙarshe, na ƙarshe na gaskiya, na ƙarshe bayan gyara. Kwanan wata a gaban suna ya wadatar wajen sanin wanne ne sabo, tsofaffin kuma a tara su a dosiye guda kada a goge, domin malami na iya cewa a dawo da babin da aka cire.

Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, Windows yana karɓarsu a sunan fayil ba tare da matsala ba. Sai dai a wurin kwamfuta ƙ da k haruffa biyu ne daban, kuma tsofaffin na'urori kamar rediyon mota ko wasu injinan buga takarda kan nuna su da alamar tambaya. Shawarata ita ce a cikin takarda a rubuta Hausa daidai da ƙa'idarta, a sunan fayil kuma ofis ya tsayar da hanya ɗaya kowa ya bi ta, kada yau a rubuta kuɗi gobe a rubuta kudi.

F2 ne ke buɗe suna don gyara. Idan aka zaɓi fayiloli da yawa tare aka taɓa F2 aka rubuta suna ɗaya, Windows zai ba su duka wannan suna ya ƙara lamba a bayan kowane, abin da ke da amfani ga hotunan biki ko na taro da aka kwaso daga waya da sunaye marasa ma'ana.

Raba takardu da diskin Windows

Idan kwamfuta ta lalace aka kai ta wurin mai gyara, maganin da aka fi yi shi ne a wanke C a sake ɗora Windows, kuma Documents da Bureau da Images duk a kan C suke zaune. Wanda na'urarsa ke da D zai iya kawar da wannan haɗari cikin ƴan mintoci. A fara ƙirƙirar dosiye a D, a ce masa Takardu. A danna dama a kan Documents, a zaɓi Propriétés, a shiga shafin Emplacement, a danna Déplacer, a nuna sabon dosiyen, a amince a kwashe abin da ke ciki. A kula ƙwarai kada a zaɓi D ɗin kansa ba tare da dosiye ba, domin hakan na haɗa Documents da diskin gaba ɗaya, kuma warware shi na da wahala. Daga ranar, duk abin da Word ya adana a Documents a D yake sauka.

Wannan kariya tana da iyaka. A yawancin na'urori C da D yanki biyu ne na diski ɗaya, idan diskin ya mutu, da zafin watan Afrilu da ƙurar hunturu da yawan ɗaukewar wuta ke gaggauta mutuwarsa, duka biyun sun tafi. Saboda haka dole a sami kwafi na biyu a diskin waje ko a wata na'ura, a riƙa sabunta shi a rana tsayayya kowane mako, a kuma cire shi a ajiye bayan an gama.

Idan OneDrive, wato ma'ajiyar Microsoft da ke intanet, ne ke riƙe da Documents, Windows na iya ƙin wannan ƙaura har sai an dakatar da shi. A lura da alamominsa kuma: ɗan gajimare kusa da fayil na nufin fayil ɗin yana intanet ne kawai, ba ya cikin na'ura, kuma ranar da babu haɗi ba zai buɗe ba. Danna dama a zaɓi Toujours conserver sur cet appareil yana sauko da shi ya zauna. Wurin da ake bayarwa kyauta gigabait 5 ne.

Kwafi, ƙaura da gogewa

Jan fayil da linzami daga wuri zuwa wuri yana da ƙa'idar da mutane da yawa ba su lura da ita ba. Idan wuraren biyu a diski ɗaya suke, fayil ƙaura yake yi, ya bar inda yake. Idan diskokin daban ne, kamar daga C zuwa kile, kwafi ake yi. Riƙe Ctrl yayin ja na tilasta kwafi, riƙe Maj na tilasta ƙaura, wanda kuma ya ja da ɓangaren dama na linzami za a tambaye shi abin da yake so idan ya saki. Fayil da yawa da ake cewa sun ɓace hannu ne ya zame ya jefa su cikin dosiyen maƙwabci, kuma Ctrl da Z na dawo da su idan an lura da wuri.

A wurin da wuta ke iya ɗaukewa ba sanarwa, ya fi aminci a kwafa da Ctrl da C, a liƙa da Ctrl da V, a buɗe kwafin a tabbata lafiyarsa lau, sa'annan a goge na asali, maimakon yankewa da Ctrl da X. Kafin a zare kile kuma a danna dama a kanta a zaɓi Éjecter, a jira sanarwa.

Abin da aka goge daga diskin kwamfuta yana zuwa Corbeille, inda za a iya dawo da shi. Abin da aka goge daga kile ba ya biyawa ta can, haka ma wanda aka goge da Maj da Suppr. Yana da kyau a danna dama a kan Corbeille, a shiga Propriétés, a sa alamar da ke sa kwamfuta ta nemi tabbaci kafin kowace gogewa, musamman a na'urar da yara ko sababbin ma'aikata ke taɓawa.

Masu ɗaukar bidiyon biki sukan gamu da kile mai yalwar wuri amma ta ƙi karɓar fayil ɗaya. Dalili shi ne tsarin FAT32, wanda ba ya ɗaukar fayil guda da ya kai gigabait 4. Mayar da kile tsarin exFAT ta zaɓin Formater na warware matsalar, amma yana share duk abin da ke kanta, don haka a kwashe komai tukuna, a kuma sani cewa wasu tsofaffin talabijin ba sa karanta exFAT.

Waya idan aka haɗa ta da igiya ba za ta nuna komai ba sai an buɗe makullinta an zaɓi tura fayiloli a sanarwar da ta fito. Hotunan kyamara suna cikin DCIM, na WhatsApp kuma a sababbin wayoyin Android suna cikin Android, sa'annan media, sa'annan com.whatsapp.

Bincike da dosiyoyin kusa da hannu

Akwatin bincike yana nema ne a dosiyen da ake ciki da waɗanda ke ƙarƙashinsa, don haka a fara shiga inda ake zato kafin a rubuta. Nema daga Ce PC yana bin na'ura duka, kuma yana ɗaukar lokaci. Tauraro yana tsayawa a madadin haruffan da aka manta: rubuta *.pdf zai fito da duk takardun pdf, rubuta 2025-03* kuma zai fito da duk abin da aka sa wa kwanan watan Maris na shekarar, wanda ke nuna ribar tsarin sunan da aka ambata a sama.

Dosiyoyin da ake shiga kullum a manna su a Accès rapide ta danna dama a kansu a zaɓi Épingler, sai su tsaya a saman jerin hagu. Wannan sashe kuma yana nuna fayilolin da aka buɗe kwanan nan, abin da bai dace ba a kwamfutar da jama'a ke amfani da ita, domin sunan takardar asibiti ko ta shari'a ko ta bashin wani zai bayyana ga wanda ya zauna bayansa. Amana ce a kan mai shago ya shiga Options, a shafin Général ƙarƙashin Confidentialité, ya cire alamomin nuna fayiloli da dosiyoyin kwanan nan, ya danna Effacer. A saman wannan shafi ne kuma ake zaɓar taga ta riƙa buɗewa a Ce PC kai tsaye.

Windows 11 ya sami shafuka a cikin taga ɗaya a ƙarshen shekarar 2022, Ctrl da T na buɗe sabo, kuma ana iya jan fayil zuwa kan wani shafi. A Windows 10 ana buɗe taga biyu, a tura ɗaya hagu da madannin Windows da kibiyar hagu, ɗayar kuma dama. Jerin da ke fitowa idan an danna dama ya gajarta a Windows 11, kwafi da yankewa da sauya suna sun koma ƙananan tambura, tsohon cikakken jerin kuma yana ƙarƙashin zaɓin ƙarshe a ƙasa.

Idan na'urar ta koma Linux

Microsoft ya tsayar da 14 ga Oktoba 2025 a matsayin ranar ƙarshen tallafin Windows 10 na yau da kullum, kuma yawancin tsofaffin kwamfutocin tebur ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba, musamman guntun tsaron nan TPM 2.0. Wasu za su zaɓi ɗora Linux, wato wani tsarin da ke gudanar da kwamfuta a madadin Windows, kuma abin da aka koya a nan zai yi musu aiki a can. Manhajar fayiloli a Linux Mint sunanta Nemo, a Ubuntu Nautilus, a tsarin KDE Dolphin, a Xfce mai sauƙin nauyi kuma Thunar. Babu C da D, komai na mai na'ura yana cikin dosiye ɗaya a ƙarƙashin home, wutsiyar suna a bayyane take tun farko, Ctrl da H na nuna ɓoyayyun fayiloli, waɗanda sunansu ke farawa da ɗigo, F3 kuma a Nemo da Dolphin na raba taga gida biyu don sauƙin kwafi. Bambancin da zai iya ruɗa sabon shiga shi ne Linux yana rarrabe babban harafi da ƙarami, don haka Rasit.pdf da rasit.pdf fayiloli biyu ne da za su iya zama a dosiye ɗaya, alhali Windows ɗaya yake ɗaukarsu, kuma idan aka kwafe su tare zuwa kile zai nemi ɗaya ya maye gurbin ɗayan. Cutar gajerun hanyoyi ba ta gudana a Linux, dosiyoyin da ta ɓoye kuma a fili suke bayyana a can, saboda haka shagon da ke da tsohuwar na'ura guda mai Linux zai iya fara soka kowace baƙuwar kile a cikinta, ya kwashe takardar da za a buga, kafin ta kusanci kwamfutar aiki.